Darasi na 11: Ana Muzuru Ana Shaho

Hausawa suna cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ku dubi abokan gaba biyun da mai karin maganar ya zaɓo. Ɗaya da ƙafa yake tafiya, dare ne lokacinsa. Ɗaya kuma fiffike gare shi, da rana tsaka yake zuwa kowa yana kallo. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji a Wagini ko Ruma, ko karyarsa ta taɓa haihuwa a bayan danga a Runka ko Zakka, ya san su biyun. Darasinmu na yau a kansu ne da danginsu, da yadda maigida da uwargida za su raba ƙananan dabbobinsu da su. Za mu fi daɗewa a kan kwikwiyo, don shi aka fi yi wa sakaci. Kaza tana da kuɗi a kasuwa, ɗan akuya ma haka, saboda haka ana sa musu ido. Kwikwiyo kuwa kyauta ake ba da shi, abin da aka samu kyauta kuma ba a cika ƙirga asararsa ba.

Alhali a wannan yanki kare ma'aikaci ne. Ƙananan hukumomin Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, wanda ya bi ta Ɗanmusa har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. Makiyayi yana son kare a bayan garke, mafarauci ba ya fita sai da shi, mai gonar rogo da ke nesa da gari yana son shi saboda birai. A 'yan shekarun nan da tsaro ya taɓarɓare, sau da yawa haushin kare ne yake fara tayar da unguwa kafin kowa ya ji motsi. Malamai sun yi bayani cewa shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona, hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa kuwa yana cikin Bukhari da Muslim. Wanda ya ajiye dabba, cinta da shanta da makwancinta sun hau kansa.

A gyara alƙalami

Kafin mu yi nisa, akwai kalmomi uku a darasin nan da ƙugiya kaɗai ta raba su da wasu. Karya ita ce macen kare, ƙarya kuwa kishiyar gaskiya. Kura tana cin akuya, ƙura tana shiga ido da hunturu. Kare yana haushi, ƙare kuwa shi ne abu ya zo ƙarshe. Wanda ya rubuta wa malamin dabbobi takarda ya ce “ƙaryata ta haihu” ya ba shi abin dariya na mako guda. Kowa ya rubuta kalmomin shida a littafinsa, ya karanta wa na kusa da shi, sannan mu ci gaba.

Wa zai iya ɗaukar wa?

Da wuya tsuntsu ya tashi sama da abin da ya kai nauyin jikinsa. Wanda ya riƙe wannan ya huta da rabin fargaba, domin tsuntsayen nan ba su kai nauyin da ido yake ba su ba.

Mu fara da shirwa, mai wutsiya kamar bakin almakashi. In ta buɗe fikafikanta sun haura mita 1, amma in aka ɗora ta a sikeli ba ta cika kilo 1 ba. Gashi ne ya yi mata yawa. Ƙafafunta ma ba su da wani ƙarfi. Abincinta fara ne da ƙadangare da ɓera da guntun nama, shi ya sa za ku gan ta tana shawagi a kan layin mahauta ranar Alhamis a kasuwar Batsari, ko ta taru da 'yan'uwanta a kan hayaƙi idan an cinna wa daji wuta, tana cafke ƙwarin da wutar ta koro. Mai neman sauƙi ce. Ɗan tsakon da ya yi nesa da uwarsa a fili, shi ne nata.

Shaho ya fi ta zafin nama. Iri-iri ne, ƙananan ba su kai rabin kilo ba, manyan ma da kyar su cika kilo 1, amma faratansu kamar allura suke. Wani daga sama yake faɗowa, wani kuma ya laɓe cikin ganyen bedi ko mangwaro ya yi tsit, sai kaji sun saki jiki ya fito kamar kibiya.

To, yanzu mu auna abin da suke nema. Ɗan tsako ranar ƙyanƙyasa bai wuce giram 40 ba, saboda haka yana cikin haɗari har ya yi mako 6 zuwa 8. Kwikwiyon karen gida ranar haihuwa galibi bai kai nauyin ledar fiya-wata ɗaya ba, wadda take rabin kilo. In yana samun nono, cikin kwana 10 nauyinsa ya ninka. Idanunsa suna buɗewa tsakanin kwana 10 da 14. Kafin ya cika mako 8 ya kai kilo 2 zuwa 3, wato kusan tiya ɗaya ta gero. Kun ga ke nan shirwa da shaho ba su da ta cewa a kansa sai a makonni biyu ko uku na farko, kuma ko a lokacin sai an bar shi a fili ba uwa.

Gaggafa daban ce. Mafi girman irinta a Afirka takan kai kilo 3 zuwa 6, fikafikanta kuma mita 2. Tana kashe zomo da zabo da damo, ɗan akuya ma bai fi ƙarfinta ba, balle kwikwiyo. Ba sai ta tashi da abin da ta kama ba, a ƙasa take danne shi ta ci. Sai dai ta yi wuyar gani yanzu, kuma ba ta son hayaniyar gari. Mai ruga a gefen daji ko a gindin duwatsu shi ne zai yi lissafi da ita.

Mujiyar da ke kwana a kango ko rufin makaranta ba ta kai rabin kilo ba, ɓera take nema. Akwai babba mai tukkaye biyu kamar kunnuwa wadda take iya ɗauke kazar da ta kwana a kan reshe. Hankaka kuwa ɓarawon ƙwai ne, kuma yakan tsattsagi idon jaririn dabba idan ya same shi a yashe. Ungulu ce kaɗai za mu wanke tas. Ƙafarta ba ta damƙa, mushe take ci. In kun same ta a kan gawar kwikwiyo, wani ne ya kashe, ita sharar wuri ta zo yi.

A Amurka maganar ta sha bamban, domin can akwai karnukan cikin ɗaki irin su Ciwawa, ɗan asalin Meziko, wanda ko ya tsufa da wuya ya wuce kilo 3. Irin wannan har ya mutu bai fita daga haɗari ba, shi ya sa ake ɗinka musu riguna masu ƙayoyi a baya. Wanda ya sayo irinsu daga Kano ko Abuja ya kawo nan, ya sani ya ɗauko wa kansa renon da ba yaye. Karenmu na gida kuwa wata biyu zuwa uku kawai yake roƙo a tsare shi, daga nan shi zai tsare ku.

Wanda yake zuwa da ƙafa

Ina yaro an kai ni hutun kaka wurin kawuna, a wani ƙauye tsakanin Safana da Runka. Yana da wata jar karya da ake kira Ƙyale-su. Ta haihu shida a ƙarƙashin wani rumbu da ke bayan danga, inda gona ta fara. Ni aka bar wa ƙirga su. Ranar Asabar shida ne, ranar Litinin biyar, ranar Laraba huɗu. Kullum da hantsi kuwa ga shirwa tana kewaya saman gidan, saboda haka ba wanda ya yi wata shakka. Kawu har ya ce ranar kasuwa zai sayo magani ya barbaɗa a hanjin kaza.

Wani tsohon maharbi maƙwabcinmu ya ji. Da la'asar ya zo yana dogara sanda, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin rumbun, ya daɗe bai ce komai ba.

Na ce, “Baba, ai shirwa ce. Kullum sai na gan ta.”

Ya ce, “Yaushe kake ƙirga su, ɗan nan?”

“Da safe, Baba.”

“Da magariba fa nawa kake bari?”

Na yi shiru, don kullum da magariba suna nan cif, da safe ne ake samun giɓi. Ya yi dariya ya ce, “To shirwar garinku ce ke yawon dare?”

Ya sa aka kwaso toka daga murhu, ya tankaɗe ta da rariya ya kewaye rumbun, ya share sawunsa yana ja da baya. Da asuba ya kira kawu, an sake samun giɓin ɗaya. A kan tokar akwai sawu iri biyu. Ɗaya na Ƙyale-su, ya fita ya nufi cikin gari. Ɗaya kuma ya fi nata ƙanƙanta da tsini, da alamar farata a gaba, ya shigo daga gona ya koma gona. Tsohon ya ce, “Malam, dila ne. Amma ba shi ya buɗe ƙofa ba. Yunwa ce ke fitar da karyar nan da dare tana bin juji. Ku ba ta tuwo ta kwanta a kan 'ya'yanta, ku kuma maido su cikin gida.” A ranar ukun da suka rage aka kwashe su zuwa wani tsohon akurki kusa da madafa. Duk ukun sun girma.

Dabarar tokar nan kyauta ce, kuma kowa zai iya. Sawun muzuru zagayayye ne, ba alamar farata, domin dangin kyanwa suna maƙale faratansu in suna tafiya. Na dila da na yanyawa irin na kare ne, sai dai ƙanana. Na kura babba ne, na ƙafar gaba ya fi na baya girma. Tunku yana barin ɗan sawu mai dogayen farata, shi kuma ta ƙaramar kafa yake shiga akurki. Damo da guza suna jan wutsiya a tsakiyar sawunsu. Maciji layi ɗaya yake ja. Abin da aka bari a wurin ma yana magana: tsuntsu yana fige gashin abin da ya kama ya bar shi a warwatse, dila yana ɗauka ya tafi ba ko ɗigon jini, mesa tana haɗiyewa, wani lokaci ma a same ta kwance a cikin akurkin ta kasa fita.

Akwai kuma waɗanda ba a cika zargi ba. Baƙon kare yana kashe 'yan kwikwiyon da ba nasa ba. Kwarkwasa in ta yi layi ta bi ta kansu da dare, sai dai wani ba su ba. Sanyi ma yana kisa, domin a makonnin farko kwikwiyo bai iya ɗumama jikinsa da kansa ba, daren hunturu ɗaya ba uwa ya ishe shi. Ga tsutsar ciki, ga kaska, ga gudawar jini. A ganina, in aka tara duk 'yan kwikwiyon da ake cewa shaho ya ɗauka, aka bi sawu da gaske, kaɗan ne za a samu a wuyansa. Kura da shan bugu ne kawai, gardi da karɓar kuɗi.

Lokaci ma yana canza abokin gaba. Da damina, idan gero da dawa suka rufe har bakin danga, mai ƙafa yana da wurin laɓewa har ƙofar gida. Bayan girbi kuwa, da aka kwashe kara fili ya yi fayau, mai fiffike ne yake hango komai daga sama.

Rufi, ƙofa, da ƙoshi

Karya tana ɗaukar ciki na kwana 63, ƙari ko ragin kwana biyu ko uku. Ke nan akwai wata biyu na shiri. In ba a ba ta wuri ba, ita za ta zaɓa, kuma wurin duhu mai nisa da mutane take so: ƙarƙashin rumbu, kango, ramin gini. Tun saura mako biyu a fara ajiye mata abinci a inda ake so ta haihu, don ta saba.

Ɗakin ba wani abin kashe kuɗi ba ne. Ginin laka irin na akurki ya isa, tsawo kamu uku, faɗi kamu biyu, a cikin gida inda ake jin motsin mutane amma yara ba sa tattakawa. A ɗaga daɓensa kaɗan saboda ruwa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko tsohon buhu, a riƙa canzawa. In da kwano aka rufa, a ɗora masa zana ko bunu, in ba haka ba zafin bazara zai mai da shi tanda. A bar 'yar taga a sama don iska, a toshe ta da waya mai raga. Wajen sayen wayar a gwada da yatsa: in babban yatsa ya shige cikin idon ragar a sake, ƙaramin maciji ma zai shige. A yi dokin ƙofa mai tsayin taƙi ɗaya, wanda uwar za ta tsallaka amma 'ya'yan ba za su iya haurawa ba. Ƙyauren katako ko na langa-langa, a rufe shi da magariba uwar tana ciki, a buɗe da asuba. Inda dila ko kura suke zuwa, a jera duwatsu a gindin ginin ko a binne wayar kamu ɗaya cikin ƙasa, don su masu tono ne.

Idan 'yan kwikwiyo suka fara tafiya, wajen mako uku, za su so fita. A yi musu 'yar rumfar kara a bakin ɗakin. Shirwa sai da fili take sura, tana buƙatar hanyar saukowa da hanyar tashi. Rumfa, ko igiyoyin shanya da aka gicciya a tsakar gida, ko tsohuwar raga da aka ɗaura a sama, duk suna ɓata mata lissafi. Mata da yawa suna amfani da gidan sauro, kuma yana aiki. Amma don Allah wanda ya yage ya tsufa, ba sabon da aka raba don yara su kwana a ciki ba. Ba a ceton ɗan tsako a bar ɗan mutum da zazzaɓi.

Sai maganar da tsohon maharbi ya yi. Karya mai shayarwa tana cin ninki biyu, har uku, na abin da ta saba ci. Ragowar tuwo da miya, kunu, dusa da aka dama da ruwan zafi, ɗan ƙashi ko kan kifi, da ruwa mai kyau a kasko kusa da ita. Uwar da ta ƙoshi ba ta nisa, kuma ba shahon da zai sauka a gabanta. Haka kuma a daina zubar da hanjin kaza da mahaifar akuya da mushe a bayan danga. A binne su da zurfi. Wanda yake yin juji a bakin gidansa, shi yake aika wa dila da shirwa goron gayyata.

Wajen kaji maganar ɗaya ce, sai ɗan ƙari. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma ta iya aikinta: da ta ga inuwa ta yi ƙara, 'yan tsaki su ruga. Abin da take buƙata daga gare ku shi ne wurin rugawa. A bar mata tarin ƙayar magarya ko ta aduwa a kusurwa, ko a jingina zana a bango, ko a ɗaga kwando da dutse ta gefe ɗaya. A makonnin farko gara a kifa su a babban kwando ko a bar su a rumfa a ba su tsaki da ruwa, a sake su da la'asar in akwai mai kallo. Zabi suna da amfani a nan, don ba abin da zai gifta sama ko ƙasa su yi shiru. Wasu suna shafa wa 'yan tsaki garura, shuɗi ko ja, wai shaho ya kasa gane su. Masu yi suna yabawa, ni dai na fi amincewa da rufi.

Fitila ma tana korar mai zuwa da dare. A Kenya, wani ɗan makiyayan Masai mai suna Richard Turere, tun yana yaro, ya haɗa fitilu masu ƙiftawa da batirin mota da farantin sola ya kewaye garken mahaifinsa a gefen gandun dajin Nairobi, zakuna suka ɗauka mutum ne yake zagayawa da tocila, suka daina zuwa. Dabarar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Sai dai a wasu ƙauyukanmu ba a son haske da dare, saboda matsalar tsaron da kowa a ajin nan ya sani. Kowa ya duba halin garinsu.

Maganar guba

Idan ran mutum ya ɓaci, abin da yake fara zuwa masa shi ne fiya-fiya ko maganin ɓera ko na ƙwarin gona, a zuba a nama a ajiye. Guba ba ta tambayar suna. Naman da aka ajiye wa dila, karen maƙwabci ne zai riga shi, ko kyanwar gida, ko kaji. Wanda ya ci ya mutu, ungulu ta ci shi ita ma ta mutu. A 2020 an kashe ungulaye fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau. Ungulun nan tamu ta mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa a duniya. Dattawan ajin nan su faɗa mana: yaushe rabon da ku ga ungulaye sun yi layi a kan katangar mahauta kamar da? A watan Janairu na 2024 masana suka fitar da sakamakon ƙidayar tsuntsaye masu farauta iri 42 a Afirka, suka ga kusan iri 9 cikin kowane 10 sun ragu, kuma raguwar ta fi muni a Afirka ta Yamma. Nijeriya tana da doka tun 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, da ta hana kamawa da cinikin namun daji da tsuntsayen da ke neman ƙarewa.

Wani zai ce, to ina ruwanmu in sun ƙare? Indiya ta ga amsar. A shekarun 1990 ungulayenta suka riƙa mutuwa saboda cin mushen shanun da aka yi wa allurar daikulofinak. Wasu iri sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya rasa mai ci, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Mujiya kuma, ma'aurata biyu da 'ya'yansu suna cinye ɓeraye fiye da 1,000 a shekara. Mai rumbun gero ya lissafa tiya nawa ɓera ɗaya yake ɓatawa, sannan ya yanke hukunci ko mujiya maƙiyiyarsa ce.

Idan an riga an kama

Kwikwiyon da ya kuɓuta daga faratan tsuntsu, raunin yakan yi ƙanƙanta a ido amma da zurfi. A aske gashin wurin, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a ɗumama shi, a kai shi wurin malamin dabbobi. Kada a zuba baƙin mai ko toka a ciki.

In kuwa dila ne ko baƙon kare ya cije shi, maganar ta wuce rauni, ta koma ta ciwon haukan kare. Ciwon nan yana kashe mutane kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, domin su ne masu wasa da kwikwiyo. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi. Saboda haka dabbar da aka ciza a killace ta inda yara ba sa kaiwa, a sa leda ko safar hannu kafin a taɓa raunin, a sanar da ofishin malaman dabbobi na ƙaramar hukuma. Dilan da ya shigo gari da rana ba ya gudun mutane, kada wanda ya matsa kusa da shi. Mutumin da aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a duba agogo, sannan ya tafi asibiti a ranar. In babu allurar a kusa, a wuce Dutsin-Ma ko Katsina, kada a jira a ga abin da zai faru.

Allurar rigakafin ciwon ana yi wa kwikwiyo ita ne in ya cika wata 3, a kuma riƙa sabuntawa yadda malamin dabbobi ya tsara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin ta. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon a duniya, a kasa kunne a lokacin ko za a ji sanarwar rigakafi. Maganin tsutsar ciki kuwa tun suna mako 2 ake farawa, a tambayi malamin dabbobi awon da ya dace da nauyinsu.

Aikin aji da na gida

A aji, ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya tuna wata asarar ɗan tsako ko kwikwiyo ko ɗan akuya da aka yi a unguwarsu a bana, ya faɗi lokacin da abin ya faru da abin da aka samu a wurin, sauran su ce wa suke zargi da hujjarsu.

Ga lissafi. Kaza ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki 12, aka sake su a fili, 4 suka girma. Wata ta ƙyanƙyashe 12, aka tsare su a rumfa mako 6, 9 suka girma. Ku sa kuɗin budurwar kaza na kasuwarku ta wannan mako, ku fitar da bambancin, ku cire kuɗin kwando da tsaki. Na biyu: karya ta ɗauki ciki ranar 1 ga Oktoba. A wace rana ake sa ran haihuwarta, a wane yanayi ke nan, kuma a wane wata za a yi wa 'ya'yan allurar rigakafi?

A gida, yau da magariba kowa ya tankaɗe toka ya kewaye akurkinsa. Gobe da asuba, kafin a saki kaji, ya zana sawun da ya gani a littafinsa, ya rubuta sunan mai shi a ƙasa, ya zo mana da shi.